Jagoran jirgin tsere a kogin Yamai: riƙon igiya, karatun ruwa da maganar da ake yi wa matuƙa

A wasan aviron, wato tseren jirgin ruwa da ake tuƙawa da filafili, jirgi mai matuƙa takwas yana da mutum na tara da ba ya taɓa filafili. Yana zaune a ƙarshen jirgi da igiya a hannu, kuma shi kaɗai ke fuskantar inda aka dosa, domin sauran duk sun ba hanya baya. Shi ne jagora, wanda takardun gasa na Faransanci ke rubutawa barreur. Mai kallo daga bakin ruwa yakan ɗauka aikinsa ihu ne kawai. Aikinsa hawa uku ne, kuma ba a sauya jerinsu: ya maido mutane da jirgi gida lafiya, ya miƙe hanya, sannan ya yi magana. Mai koyon wannan aiki a Yamai ya yi dace ta fuska ɗaya, domin kogin Neja da ke gabansa ya fi kowane filin gasa wuyar sha'ani. Wanda ya iya bi da jirgi tsakanin ƙafafun Gadar Kennedy a watan Janairu, layi miƙaƙƙe mai mita 2000 ba zai tayar masa da hankali ba.

Wanda ya dace da kujerar

Dokar hukumar duniya, World Rowing, ta ce jagora kada ya gaza kilo 55 da kayan gasa a jikinsa. Wanda bai kai ba ana ba shi ƙarin nauyi, yawanci yashi a ɗaure cikin leda, iyakarsa kilo 15, ya ajiye kusa da shi a cikin jirgi. Tun 2017 an daina duba jinsi: mace tana jagorantar maza, namiji yana jagorantar mata. To yarinya mai kilo 48 ba ta da matsala. Shi kuma mai kilo 57 kada ya azabtar da kansa da yunwa ko ƙin shan ruwa. Jirgin takwas da mutanensa ya doshi kilo 900, kilo biyu a cikinsu ba su kai ɓarnar mugun juyi guda ɗaya ba. A zafin Afrilu da Mayu, jagoran da ya ƙi shan ruwa don ma'auni kansa ne zai fara juyawa, alhali shi ke riƙe da rayukan mutum takwas.

Iyo kuwa ba a yin sassauci a kansa. Ma'aunin da kulob-kulob na Ingila suka saba da shi ya isa abin koyi: mita 50 da tufafi marasa nauyi a jiki, da tsayuwa a ruwa mai zurfi na minti biyu. Duk da haka jagora yana sa rigar ceto kullum, a saman sauran tufafinsa. In jirgin irin na mutum huɗu ne da jagora ke kwanciya a goshinsa, rigar ta zama wadda ake hurawa da jan igiya, domin mai kumburi tun farko tana iya maƙale mutum a cikin ramin idan jirgi ya kife. Ba a ɗaura yashin ƙarin nauyi a jiki, ba a shiga da takalmi mai nauyi.

Kafin jirgi ya taɓa ruwa

Jirgin takwas yana da tsawon mita 17 zuwa 18, nauyinsa bai gaza kilo 96 ba, jikinsa kuma siriri ne ƙwarai, dutse ɗaya ya isa ya huda shi. Daga lokacin da aka ɗaga shi daga ma'ajiya muryar jagora kaɗai ake bi. Ka tsaya inda kake ganin ƙarshen da ya fi kusa da bango ko ƙofa, hannunka kusa da fiffiken da ke ƙarƙashin jirgin, don shi ne ya fi saurin lanƙwashewa, kuma in ya lanƙwashe jirgi ba zai ƙara miƙewa ba ko da wa ke riƙe da igiya.

Duba farar ƙwallon roba da ke goshin jirgi, faɗinta bai gaza santimita 4 ba, ta zauna daram. Duba igiyar da ke ɗaure da dugadugan takalman matuƙa, waɗanda ke kafe a jikin jirgi: dugadugi kada ya ɗagu fiye da santimita 7, domin ita ce ke fizge ƙafa daga takalmi in an kife. Murafan ramukan iska su rufu. Lakile mai lamba 10 da mai lamba 13 su kasance a aljihunka, ka bi notocin hannayen ƙarfen da ke riƙe da filafilai ɗaya bayan ɗaya. Sannan ka ja igiyar majuyi, wato ɗan farantin da ke ƙarƙashin wutsiyar jirgi mai juya shi, kana kallon farantin da idonka. Wani lokaci bayan gyara ana harɗe igiyar, sai dama ta koma hagu, kuma tsakiyar kogi ba wurin gano haka ba ne. Inda igiyar ta tsaya idan farantin ya miƙe, sa alama da ɗan salatif.

Riƙon igiya

Majuyin jirgin nan bai fi katin banki girma ba. Hannun da ka tura gaba, can jirgi zai nufa: dama gaba, jirgi ya yi dama. Riƙo na ƴan yatsu ne, babban yatsa da manuni a kan igiya, sauran ukun sun dafe gefen jirgi. Bayanka ya manne da majingina, ƙafafunka su tokare, don kada jikinka ya riƙa gaba da baya a kowane bugu. Jagoran da ke lilo a kujerarsa yana rage wa jirgi gudu, kuma igiyar tana motsi ba da saninsa ba.

Kuskuren da kusan kowane sabon shiga ke yi daga rashin haƙuri yake fitowa. Ya tura igiya, jirgi bai amsa nan take ba, sai ya ƙara turawa. Bayan bugu biyu ko uku jirgi ya amsa duka biyun a haɗe, ya wuce inda ake so, sai ya fizgo ɗaya hannun, haka za a yi ta tafiyar maciji har a gaji. Maganinsa: tura kaɗan, kamar faɗin yatsa ɗaya ko biyu, ka riƙe a nan, ka ƙirga bugu uku. Ka fara maido igiya tsakiya tun goshin jirgi bai kai inda kake so ba, domin zai ci gaba da juyawa bayan ka saki.

Mutane suna ɗauka ɓarnar karkace-karkace ita ce ƙarin tsawon hanya. Wannan kaɗan ne. Babbar ɓarnar ita ce duk sanda farantin ya karkata yana zama birki, kuma yana kwantar da jirgi gefe ɗaya, filafilan wancan ɓangaren su kasa fita daga ruwa da tsabta. Shi ya sa aka fi son a soma motsa igiya lokacin da filafilai ke cikin ruwa, sa'ad da jirgi ke da madogara. In juyin babba ne, gaya wa matuƙa kafin ka yi: “Ina juyi dama.” Da ka gama ka ce: “Na miƙe.”

Ka tuna kuma wutsiyar jirgi ce ke fita waje idan ana juyi. Ka kauce wa ƙafar gada zuwa hagu a ƙurarren lokaci, wutsiyar da kake zaune a kanta ita za ta yi dama ta nufi ginshiƙin. Faɗinka ma ba na jirgi kaɗai ba ne: kowane filafili ya kai kusan mita 3.7, daga bakin na hagu zuwa bakin na dama wajen mita 7 ke nan. Da wannan faɗin za ka auna kowace kafa da kake son bi.

Majuyi ba ya aiki sai jirgi na tafiya. A tsaye ko a tafiyar hawainiya, da matuƙa ake juyawa. Ana ƙirga su daga goshi: na ɗaya a can gaba, na takwas a gabanka, shi ke ba da kiɗan bugu. A yawancin jirage masu lamba 2, 4, 6, 8 filafilansu na hagunka, ɓangaren da ake yi wa jar alama, masu lamba 1, 3, 5, 7 kuma na damanka, ɓangaren kore. In na hagunka suka ƙara ƙarfi jirgi zai yi dama. Kada ka ce musu “hagu” ko “dama”, naka hagun shi ne damansu. Kira lamba.

Don miƙe hanya, zaɓi abu mai nisa da ba ya motsi, hasumiyar masallaci ko tankin ruwa ko doguwar giginya, ka ɗora shi a kan kafaɗar na takwas. Kai tsaye gabanka ba ka gani, jikin mutum takwas ya tare. Leƙa da kai kawai, ba da gangar jiki ba, kuma a wurin da masunta suke ka sa na ɗaya ya riƙa waiwayawa bayan kowane bugu goma. Ƙaramin kwalekwale da mutum ɗaya a tsugune yana iya ɓuya a wannan makahon wuri har ku iso kansa.

Karatun kogi

A Yamai kogin ba fuska ɗaya gare shi ba. A Agusta da Satumba jan ruwa ke zuwa, na damina, daga rafukan Sirba da Dargol da Gorouol. Yana tashi da sauri, yana ɗauke da itace da shara, kuma ba ka ganin abin da ke ƙarƙashinsa. Wanda ya ga ambaliyar 2020 ya san ƙarfinsa. A irin ranakun nan ba a fita da sababbin matuƙa, wani lokaci ba a fita sam, kuma jagora yana da ikon cewa a'a ko da mai horarwa ya matsa. Daga baya ruwan da ya taso daga Gini yake isowa, ya cika wajen Janairu: mai yawa ne, mai ƙarfi, amma ya fi natsuwa. Sannan ya yi ta ja baya har Mayu da Yuni, lokacin da yashi da duwatsu ke fitowa. A 1985 ma sai da ya daina gudu a Yamai. Hanyar da ka bi lafiya a Fabrairu tana iya cire maka fiffike a Afrilu.

Saboda haka ka koyi fuskar ruwa. Inda ya yi santsi da duhu, akwai zurfi. Inda ya yi ƙananan tuƙa-tuƙa a wuri ɗaya ba ya gusawa, akwai dutse ko kututture a ƙasa. Inda launinsa ya yi haske kuma igiyar ruwan da jirginku ke tayarwa ta fara tsayi a baya, kun hau yashi, za ka ji jirgin ya yi nauyi. A kan kwana, ruwa ya fi gudu da zurfi ta bayan kwanar, yashi kuma yana taruwa ta cikinta.

Fara fita da hawan ruwa, wato ka nufi wajen unguwar Gudel, ta inda ruwa ke shigowa gari, ka dawo da gangara. In wani ya gaji ko wani abu ya karye, ruwa zai kawo ku gida. Wajen hawa ka bi kusa da gaɓa inda ruwa ya fi sanyin gudu, wajen gangara ka matso inda ya fi ƙarfi. Shiga da fita daga gaɓa kullum goshin jirgi na fuskantar inda ruwa ke fitowa, domin ta haka ruwan ne birkinka.

Dokar gada ɗaya ce, kuma muna so kowane jagora ya haddace ta: ba a juya jirgi a saman gada, wato ta ɓangaren da ruwa ke fitowa. Jirgin da ya gitta a ruwa mai gudu tafiya yake a gicciye, juya jirgin takwas kuma yakan ci minti guda ko fiye. In ka soma juyi kusa da Gadar Kennedy ta ɓangaren da ruwa ke fitowa, kafin ka gama ruwa ya kai ku kan ginshiƙi, ya danne jirgin a jikinsa, ya karya shi biyu. Wuce gadar tukuna, ka juya a ƙasanta. Haka yake ga gada ta biyu da ta uku, da duk jirgin da aka ɗaure a tsakiyar ruwa, da shingen ruwa na Gudel, wanda ba a ma kusantarsa. Wajen shiga ƙarƙashin gada ka daidaita tun da nisa, kada a daina bugu a ciki, don a bayan ginshiƙai ruwa yana murɗawa.

Sarkawa sun riga ku zuwa kogin nan, kuma abincinsu ke cikinsa. Gorar roba ko guntun soso da ke yawo a layi alamar kalli ce ko mamari, igiyarsu na kama fiffike da majuyi. Ka gaishe su, ka tambaya: “Baba, ina aka sa kaya yau? An ga dorina?” Amsar tambaya ta biyu ita ce ta fi kowace daraja. Dorina tana iya yin minti biyar a ƙarƙashin ruwa, mai ɗa ba ta da haƙuri, jirginku kuma ba ya juyawa da sauri. In an ce tana wuri kaza, a canza hanya. In ka hango kunnuwa da hanci, tsayar da jirgi tun da nisa, ku koma, kada ka bi tsakaninta da zurfin ruwa. Kainuwa kuma in ta naɗe majuyi za ka ji igiya ta mutu a hannunka: tsaya, sa hannu ƙarƙashin wutsiya ka cire.

Sama ma abin karantawa ce. A hunturu hazo yana ɓoye gaɓa, in ba ka ganin Harobanda, unguwar da ke ƙetaren kogi, daga inda kake tsaye, a dakata. A farkon damina hadari yana tasowa daga gabas da jar ƙura a gabansa, kuma iskar tana riga ruwan isowa. Da ka hango shi, nufi gaɓa mafi kusa, ba sai ta gida ba. Tsakanin walƙiya da tsawa in bai wuce daƙiƙa 30 ba a fita daga ruwa, a jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe. In an kife, kowa ya riƙe jirgi, kai kuma ka kira lamba ɗaya bayan ɗaya har kowa ya amsa. Wanda ke yawan shiga ruwan gaɓa, in ya ga jini a fitsari ya je asibiti, tsargiya ce mai yiwuwa, kuma tana da magani.

Magana

Jirgi ɗaya a Yamai yana iya haɗa mai Hausa da mai Zabarmanci da wanda ya fi sakewa da Faransanci. Ku zauna a tudu ku yanke kalmomin da za a yi aiki da su, kada su canza. Mafi muhimmanci ita ce ta tsayawar gaggawa. In aka ce “Birki!”, kowa ya kafa filafilinsa cikin ruwa nan take ba tambaya, kuma a gwada wannan a kowane mako har ya zama jiki.

Kowane umarni yana da sassa uku: wa, me, yaushe. “Na ɗaya da na biyu, ku shigo, bayan bugu biyu. Ɗaya. Biyu. Yanzu.” In ka tsallake “yaushe”, rabi za su yi a wannan bugun, rabi a na gaba. Kalmar ta faɗo daidai da shigar filafili cikin ruwa, gajera mai kaifi. In kana so su natsu wajen komawa gaba, ja muryarka ta yi tsawo. Matuƙa suna bin kiɗan murya fiye da ma'anarta.

Na'urar da ake kira Cox Box tana kai murya ga lasifikoki a cikin jirgi, tana nuna lokaci da yawan bugu a minti. In babu ita, agogon hannu ya isa: ƙirga bugu na daƙiƙa 15 ka ninka sau huɗu. Atisaye mai tsawo ana yinsa a bugu 18 zuwa 22, tsere a 36 zuwa 40, tashin farko yakan haura 45. In babu lasifika, na huɗu ya riƙa miƙa umarni ga na gaba.

Gyara kuma a yi shi da suna da dalili. “Ku daidaita” ba ta gyara komai. “Na uku, kana riga shiga, jira na biyar” tana gyarawa. Idonka na kan bakin filafilai: wa ya makara, wa ya nutsa da yawa, wa ke fita da wuri. In jirgi ya kwanta hagunka, na hagunka su ɗaga hannu kaɗan, na damanka su sauke. Wanda ya gyara ka gaya masa ya gyara. Da wuya jagorori su girmi matuƙansu, sau da yawa ƙannensu ne, don haka a tudu “yaya” ne da ladabi, a kan ruwa kuma lamba ce da umarni, kuma manyan su yarda da haka tun kafin a shiga. Kada ka yi musu ƙarya. In ka ce saura bugu goma alhali saura talatin, ranar da ka faɗi gaskiya ma ba za su ba ka ƙarfinsu ba. Shiru na bugu biyar ko goma ba laifi ba ne, a cikinsa suke jin tafiyar jirgin.

Ranar gasa

Ana auna jagora tsakanin awa biyu da awa ɗaya kafin tserensa na farko a ranar. Jirgi ya kasance a maƙale a wurin tashi minti biyu kafin lokaci. Shiga wurin da baya-baya ake yi, a hankali, da mutum biyu kawai, kuma wannan abu ne da za ka koya a gida, kada ranar gasa ta zama ranar farko. In iska na bugowa daga gefe, na ɗaya ko na biyu ya riƙa ɗan taɓa ruwa don goshi ya tsaya a layi. Da alƙali ya fara kiran sunayen jirage ba ya ƙara kula wanda ya ɗaga hannu, miƙewar jirginka a wuyanka take. Tashi kafin a ba da izini katin gargaɗi ne, biyu kuma kora.

Faɗin layi yawanci mita 13.5 ne, filafilanku sun ci 7, abin da ya rage kaɗan ne a kowane gefe. In kun kauce alƙali zai ɗaga farar tuta, ya kira sunanku, ya nuna inda za ku koma. Mita 2000 bugu ɗari biyu da ƴan kai ne. Jirgin maza na Jamus ya yi ta a minti 5 da daƙiƙa 18.68 a Poznan ta ƙasar Poland a 2017, wato sama da mita 6 a kowace daƙiƙa, don haka tsawon jirgi ɗaya kusan daƙiƙa uku ne. Da wannan lissafin kake ba matuƙa labari: mita nawa aka ci, bugu nawa ake yi, kana daidai da kujera ta nawa a jirgin abokan hamayya. Kashi na uku cikin huɗu na tseren, daga mita 1000 zuwa 1500, nan ne ƙafafu ke mutuwa, nan za ka ajiye kiran da kuka shirya tun a gida. An hana karɓar saƙo daga waje ta na'ura, kuma jirgin da ya ƙetare layin ƙarshe babu jagoransa ba a lissafa shi. A gasar Henley ta Ingila a 1868 wani jagora ya yi tsalle cikin ruwa da gangan don a rage nauyi, jirginsa ya riga kowa, aka kuma soke nasarar.

Tsawon tafiyar

A wasannin Olamfik kujerar jagora ta ragu: bayan Barcelona 1992 an cire jiragen mutum biyu da na mutum huɗu masu jagora, saura na takwas kawai. Amma wanda ya samu kujerar yakan daɗe a kanta fiye da yawancin matuƙa. Lesley Thompson-Willie ta Kanada ta je Olamfik sau takwas tsakanin 1984 da 2016, ta samu lambobi biyar, har da zinariya a 1992. Henry Fieldman na Birtaniya ya ci tagulla da maza a Tokyo, ya sake cin tagulla da mata a Paris a 2024.

Nijar ta shiga aviron na Olamfik a Landan a 2012, lokacin da Hamadou Djibo Issaka ya yi tseren mutum ɗaya bayan horon wata uku kacal. Daga jirgin mutum ɗaya zuwa na takwas akwai tazara, kuma matakin da ke tsakani shi ne jirgin mutum huɗu mai jagora, musamman mai faɗin nan da ake yi don teku, wanda ya fi jure igiyar ruwa da hannun sabon shiga. A kansa ya kamata mai koyo ya fara, a ruwa mai sanyin gudu, da mai horarwa a jirgin inji kusa da shi. Ya koyi bugun da kansa ko na ƴan makonni ne, don ya san abin da yake nema a wurin mutane. Ya riƙa ɗaukar muryarsa da waya a cikin leda, ya saurara da dare, ya ƙirga sau nawa ya maimaita kalma ɗaya da sau nawa ya ba da umarni babu “yaushe”. Ya kuma ajiye littafi: kwanan wata, tsayin ruwa a jikin ginshiƙin gada, inda yashi ya fito, inda sarkawa suka ce an ga dorina, da jerin waɗanda suka zauna a kowace kujera. Bayan shekara guda, daga jan ruwa zuwa jan ruwa, sai a fara ba shi jirgi ya fita da shi zuwa ƙasan gada ya juyo.